Yadda zaka koyi kaɗa banjo irin na 'yan sabon bulugiras, tun daga saita tsirkiya har haɗa salo uku

Ranar da na fara ganin bidiyon Béla Fleck, shahararren makaɗin nan na Amurka, yana kaɗa banjo, wato abin kiɗa mai tsirkiya da fata, wallahi na zata an ƙara wa bidiyon gudu ne, sai da na kalli bakin mutanen da ke bayansa naga ai maganarsu daidai take tafiya. Yatsu uku ne kacal a hannun dama ke fitar da wannan ruwan sautin. Daga nan na shiga nema, kuma na tafka kuskuren da kusan kowa ke yi, wato na tsallake tushe na faɗa kan abin da manya ke kaɗawa, na ɓata wata bakwai ina kwaikwayon abin da hannuna bai kai ba, in na ɗauki kaina a waya na saurara sai inji kamar ana zuba tsakuwa a kwanon rufi. To wannan bayanin na rubuta shi ne a jeren da ya kamata ace na bi tun farko.

Ka fara sanin me kake nema. Bulugiras, in zaka bincika a YouTube ka rubuta bluegrass, kiɗan Amurka ne na yankin duwatsun kudu maso gabas, sunan ya fito ne daga ƙungiyar Bill Monroe ɗan jihar Kentaki mai suna Blue Grass Boys. A Disamban 1945 wani saurayi ɗan shekara 21 daga Karolaina ta Arewa, Earl Scruggs, ya shiga ƙungiyar da salon kaɗa banjo da yatsu uku, daga nan kiɗan ya samu kamannin da aka san shi da su. Kayan kiɗan su ne banjo da mandolin, wato ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya, da jita da gogen Turawa da babban bes na tsaye, wani lokaci da dobro, wata irin jita da ake kwantarwa a kaɗa, kuma babu ganga ko ɗaya. Sabon salon kuwa, wanda suke kira mai ci gaba, ya taso ne wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 lokacin da samari suka fara cusa jaz da rok da dogon kiɗan da ka a ciki, dattawa suna ta ƙorafi wai an ɓata musu gado. Sam Bush da abokansa suka kafa New Grass Revival a 1971, Fleck ya shiga cikinsu a 1981, daga baya a 1988 ya kafa Flecktones. Tony Trischka shi ya koyar da Fleck. A wannan zamanin kuma akwai Noam Pikelny na Punch Brothers da Alison Brown. Sunayen da zaka riƙa saurara kenan.

Kuma kar ka ga kamar abin baƙo ne fil. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa banjo a can da duma da fata, dangin gurmi ne da molo in ka duba gininsa, kuma akontin ɗin Jola na Senegal da Gambiya har gajeriyar tsirkiyar nan ta babban yatsa gare shi kamar banjo. Fleck da kansa ya ɗauki banjonsa ya zagaya Uganda da Tanzaniya da Gambiya da Mali a 2005 yana kiɗa da makaɗan can.

Matakin farko, sayen kayan. Mai tsirkiya biyar zaka nema, kuma mai murfin katako a baya wanda ke turo sautin gaba. Akwai mai tsirkiya huɗu, wannan na wani kiɗan ne daban kar a yaudare ka da araha, akwai kuma mai buɗaɗɗen baya wanda masu tsohon salon bugu da bayan farce suka fi so, zaka iya koyo da shi amma cikin taro ba za'a ji ka ba. Deering da Gold Tone da Recording King duk suna yin na masu koyo. Manyan na ƙwararru suna da zoben ƙarfe a ƙarƙashin fatar, nauyinsu ya kai kilo biyar, don haka ka haɗa da maɗauri mai faɗi in ba haka ba kafaɗarka zata gaya maka. Sai farata uku, ɗaya na roba na babban yatsa, biyu na ƙarfe na manuni da na tsakiya. Nan ma mutane na sa su a baibai, nima sati biyu nayi haka. Harshen ƙarfen ba saman farcenka yake zama ba, cikin yatsa yake rufewa wajen tsokar nan, ya ɗan lanƙwasa ya bi bakin yatsan, saboda sama kake fizgar tsirkiyar ba ƙasa ba. Zasu matse ka, bakin yatsan har ya ɗan yi duhu, zaka ji kamar ka cire ka kaɗa da hannu zalla. Kar ka cire. In ka saba babu su sai ka sake koyo daga farko.

Sai saitawa. Jakin banjo, wato ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa a kan fata, ba manne yake ba, matsin tsirkiya ne kawai ya riƙe shi, nawa ma a kwance ya iso cikin leda na zata ya karye. Ga yadda ake tsayar da shi: ka auna daga inda tsirkiya ta fara a saman wuya zuwa firet na 12, firet su ne layukan ƙarfen nan da ke kan wuya, sai ka auna wannan tsawon daga na 12 zuwa kan fata ka ajiye jakin a nan. Sannan ka gwada, ka kaɗa tsirkiya a sake ka kuma danna ta a na 12, manhajar saita sauti ta waya ta nuna maka harafi ɗaya. In na dannen ya haura sai ka matsa da jakin baya wajen gindi, in ya gaza ka matso da shi wajen wuya. Kaɗan kaɗan fa, kamar kaurin ƙwayar gero. Saitin da aka fi amfani da shi shine na G a buɗe. Ana ƙirga tsirkiya daga ƙasa, ta ɗaya ita ce mafi kusa da cinyarka: ta 1 D, ta 2 B, ta 3 G, ta 4 D mai kauri, sai ta 5 gajeriyar nan da ta fara daga firet na biyar, ita G ce siririya. In ka shafa su duka ba ka danna komai ba kod ɗin G ya fito, kod shine sautukan da ake haɗawa su tashi tare. In a ƙasarmu kake da hunturu, katakon wuya na bushewa ya tsuke har bakin firet ya riƙa kartar hannu, ka riƙa mayar da shi akwatinsa tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gidan sabulu mai huji.

Yanzu hannun dama, kuma nan zan daɗe domin nan ne duk abin yake. Ka dasa ƙaramin yatsa ko na zobe, ko duka biyun, a kan fata gaban jaki kaɗan ba tare da ka taɓa jakin ba, wuyan hannu ya ɗan goce ya yi baka, kafaɗa a sake. Yatsu ukun nan zan riƙa kiransu babba, nuni, tsaka. A takardun Turawa zaka ga T da I da M, su kenan a jere. Abin da zaka koya sunansa rol, zagaye ne na sauti takwas da ake ta maimaitawa, kuma dokarsa ɗaya, yatsa ɗaya baya bugu sau biyu a jere, dalilin da yasa gudun ke yiwuwa kenan, kafin ɗaya ya dawo ɗan uwansa ya buga.

Na farko mafi sauƙi, tsirkiya 3 2 5 1 4 2 5 1, yatsu babba nuni babba tsaka, babba nuni babba tsaka. Na biyu mai tafiya gaba, 5 3 1 5 3 1 5 1, babba nuni tsaka babba nuni tsaka babba tsaka. Ka lura da wannan sosai, uku da uku da biyu ne aka cusa cikin takwas, shi yasa kunne ke jin kamar kiɗan na tuntuɓe yana gaba amma baya faɗuwa, wanda ya saba jin kalangu ya san wannan tsallen. Na uku gaba da baya, 3 2 1 5 1 2 3 1, babba nuni tsaka babba tsaka nuni babba tsaka. Na huɗu shine wanda Scruggs ya buɗe kiɗansa Foggy Mountain Breakdown da shi a 1949, 2 1 2 1 5 2 1 5, nuni tsaka babba tsaka babba nuni tsaka babba. Eh, babban yatsa ne ke saukowa har tsirkiya ta biyu a bugu na uku, da farko zai maka wani iri amma shi ke ba wa bugun ƙarfi.

Ka sauke metironom a waya, wato manhajar da ke ƙas ƙas don tsayar da lokaci, ka sa 60, sauti biyu a kowane ƙas. Zai maka jinkiri har ka ji haushi. Abin da kake nema shine tazarar kowane sauti ta zama ɗaya kuma ƙarfinsu ɗaya, don yatsan tsakiya ragon yatsa ne kullum a makare yake zuwa, babba kuma ɗan fin ƙarfi. In ka yi minti ɗaya cur ba tangarɗa sai ka ƙara huɗu, in ka yi kuskure sau biyu ka rage takwas, haka har ka iya komawa 60 da sauti huɗu a kowane ƙas. Manyan nan in sun sake jiki suna zuba wajen sauti goma a daƙiƙa ɗaya amma a ganina wanda ke kaɗa rabin haka da tsafta yafi mai gudu da ƙazanta daɗin ji nesa ba kusa ba. Kuma ka riƙa ɗaukar kanka a waya duk sati, kunnenka lokacin da kake kaɗawa maƙaryaci ne, abin da kake so ka ji shi yake jiyar da kai. Minti ashirin kullum yafi awa uku ranar Lahadi.

Hannun hagu ba sai na ja ba. Zan rubuta kod da lamba huɗu daga tsirkiya ta 4 zuwa ta 1, kowace lamba firet ɗin da zaka danna ce, 0 kuma a sake. C shine 2 0 1 2, D7 kuma 0 2 1 0, G a sake. Da waɗannan ukun zaka bi yawancin tsofaffin waƙoƙin. Ka danna dab da bayan firet ba a kansa ba. Sai dabaru uku na ado, zamiya daga firet na 2 zuwa na 4 a tsirkiya ta uku, dukan yatsa daga na 2 zuwa na 3 a ta biyu inda sautin na biyu hagu ne ya fitar da shi ba dama ba, da fizgewa daga na 3 zuwa na 2 a ta uku. Ka ɗora kowanne a farkon rol ka ji yadda abin ya fara kama da na faifai.

Daga nan ka zauna kan Scruggs, aƙalla wata shida, kar ka yi irin tawa. A salonsa karin waƙar ɓoye yake a cikin rol, cikin sauti takwas wataƙila uku ne na waƙar sauran cikon ne, kuma yawanci babban yatsa ke ɗauke da ukun nan da ɗan ƙarin ƙarfi. Hanyar koyo ita ce ka ɗauki waƙa mai sauƙi da ka iya rerawa, ka nemo karinta a tsirkiya ta 4 da ta 3 da ta 2 da babban yatsa kaɗai, sai ta zauna sannan ka cike ramukan da rol. In ka kaɗa wa wani bai gane waƙar ba toh cikon ya cinye ta, koma baya. Ka saurari wani gwanin banjon, J.D. Crowe, shi ma a wannan matakin don jin yadda ake zama daram a kan lokaci. Duk 'yan sabon salon nan da kake gani suna shawagi, in aka ce su kaɗa na Scruggs zasu kaɗa maka shi tsaf, Pikelny da Trischka da Fleck duka.

Toh ga salo na biyu, ƙofar sabon salon. Matsalar rol ita ce baya iya bin waƙar goge sauti bayan sauti, tsallake wasu yake yi. Bill Keith ya warware wannan, Bobby Thompson ma ya gano kusan irinta a nasa ɓangaren, Keith ya shiga ƙungiyar Monroe a 1963 kuma Monroe ya riƙa kiransa Brad don wai Bill biyu sun yi yawa a ƙungiya ɗaya. Dabarar ita ce kowane sauti na gaba a wata tsirkiya dabam za'a same shi, ana cakuɗa na sake da na danne a can saman wuya. Ga tsanin G, wato sauti takwas a jere daga G zuwa G na sama, bi shi a hankali: ta 3 a sake da nuni, ta 4 firet 7 da babba, ta 2 a sake da nuni, ta 3 firet 5 da babba, ta 1 a sake da tsaka, ta 2 firet 5 da nuni, ta 1 firet 4 da tsaka, ta 5 a sake da babba. Kaga abin da zai ruɗa ka, don sauti ya hau sama sai ka koma tsirkiya mai kauri, kwanya zata ce a'a hannu yace eh. Kwana uku nayi ina zagin kaina kafin ya shiga. Kar ka ɗaga yatsan hagu da wuri, bari sautukan su riƙa shiga cikin juna kamar ƙararrawa, daɗin salon kenan. In ka iya hawa ka koyi sauka, sannan ka koyi farawa daga tsakiya, sannan ka ɗauki waƙar goge guda ɗaya ka yi wata guda a kanta. Rauninsa dai yafi son G da D da makusantansu saboda ya dogara da tsirkiya a sake, kuma in baka yi hankali ba turin nan na rol sai ya ɓace ya koma kamar kiɗan akwatin wasan yara.

Salo na uku na Don Reno ne tun shekarun 1950, shi kuma babba da nuni ne ke karɓa-karɓa, sauti biyu ko uku a tsirkiya guda kamar mai jita. Tsanin G ɗin dai: ta 3 a sake, ta 3 firet 2, ta 3 firet 4, ta 2 firet 1, ta 2 firet 3, ta 1 firet 2, 4, 5. Babba nuni babba nuni har ƙarshe ko da ka sauya tsirkiya. Sautinsa a gutsure yake bashi da zaƙin na Keith, amma in ka koyi siffar da babu tsirkiya a sake a cikinta zaka iya ja da ita ko'ina a wuya, a kowane harafi ba G da D kaɗai ba, kuma nan ne jaz ke shigowa, Fleck ya gina abubuwa da yawa a kan wannan. Wahalarsa nuni baya kai babba ƙarfi sai kaji kiɗan na ɗingishi, maganin shine ka riƙa atisaye kana farawa da nuni da gangan.

Haɗa ukun shine ainihin aikin, kuma babu wanda zai rubuta maka shi a takarda. Abin da nake yi, in sa metironom in kaɗa ma'auni biyu, wato zagaye biyu, na rol, ɗaya na Keith, ɗaya na Reno, in dawo rol, ba tsayawa, burin shine mai sauraro ya kasa gane inda ɗinkin yake. Wurin sauyin ne ake ɓarin lokaci, in ka ji ka ɓarar ka ware sauti huɗu kafin da huɗu bayan ɗinkin ka maimaita su kaɗai.

Sai wuyan banjo. Ka san G a wuri uku, 5 4 3 5, da 9 7 8 9, da shimfiɗa yatsa ɗaya a firet na 12, siffofi ukun nan in ka ja su sama ko ƙasa duk manyan kod suna cikinsu. Don ka ɗanɗana launin sabon salo gwada 2 2 1 2, sai 0 2 1 4, sai 0 0 0 4, ƙaramin yatsa ya zauna a firet na huɗu a biyun ƙarshe, ka ɗora rol ɗin gaba da baya a kai, tuni ka bar Kentaki ka nufi wajen 'yan jaz. A tsanin Keith kuma ka mayar da firet 4 na tsirkiya ta ɗaya zuwa 3, sautin nan guda ɗaya ya isa ya sauya yanayin gaba ɗaya. Masu son ma'aunin bakwai su gwada 3 2 1 5 1 4 1, babba nuni tsaka babba tsaka babba tsaka, kana ƙirga uku biyu biyu da baki, amma fa kar ka kai wannan wajen dattawan bulugiras.

In waƙa a A take, ana sa kapo, wato abin da ake maƙalawa a wuya ya danne tsirkiyoyin, a firet na biyu, gajeriyar tsirkiya kuma a maƙale ta a na bakwai, kuma abin dariya ƙananan ƙusoshin layin dogo na jirgin ƙasan wasa ake kafawa a wuyan don wannan. Ka ba wanda ya iya ya kafa maka, kar ka ɗauko guduma.

Kiɗan nan na taro ne, kowa da zagayensa, kuma fiye da rabin lokaci rakiya zaka yi ba gaba ba. In mai waƙa na rerawa ko mai mandolin ya karɓa, ka matsar da hannun dama wajen wuya inda sauti yafi laushi, ka kama kod mai yatsu huɗu ka tsunkule shi a bugu na biyu da na huɗu ka saki matsin hagu nan take ya mutu, aikin ganga kenan kake yi. Banjo nada ƙara sosai, shi yasa a can ma shi aka fi yi wa ba'a. In babu abokan kiɗa kusa da kai ka nemi kiɗan rakiya a YouTube ka rage gudunsa zuwa kashi 75, ka yi rakiya zagaye biyu ka karɓi ɗaya. In kuma dare ne kuma gidan haya kake, ka kwance murfin bayan ka cusa tsohon tawul tsakanin fata da sandar ciki, ka maƙala abin shanya guda biyu a kan jakin, mai ɗakin kusa da ni sai da nayi haka ya dawo amsa gaisuwata.